Shekarar da Giwaye Suka Nuna Mana Ruwa

Shekarun baya, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, muna zaune a wani ɗan gari a bakin Dajin Rugu, ta wajen Babban Duhu. Lokacin ina sabon magidanci, gemu bai gama fito mini ba amma ina jin kaina wani babba. Dajin nan kuwa shi ne rabin abincinmu. Mata su kwaso kaɗanya su yi mai, su tsinko ɗorawa su yi daddawa, ga tsamiya, ga ɗinya, ga zuma a kogon itace. Gada da barewa har gefen gonaki suke zuwa kiwo. Giwaye ma muna da su, sai dai mun fi ganin sawunsu da ganin su.

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri. Kafin bazara ta yi nisa rijiyoyin garin duk suka koma laka, sai tafkinmu na yamma da gari ya rage da ɗan ruwa a tsakiya. Matata na da tsohon ciki, amma haka take bin sahun mata da tulu, ta dawo da ruwa ja kamar kunun kanwa. Wasu gidaje har sun fara ɗaure kaya za su koma wajen dangi a Batsari.

Ana cikin haka giwaye suka sauko tafkin suka shanye ɗan abin da ya rage, suka tattake sauran ya zama taɓo. A hanyarsu ta komawa suka ture rumbun wani bawan Allah. Gari ya ɗauki zafi. Aka taru a ƙofar dagaci, aka ce a tura wa hakimi saƙo ya sanar da Bature ya zo da bindigarsa, don a zamanin ba kowa ke da izinin harbin giwa ba.

Mahaifina yana fama da kurkunu a ƙafa, da sanda ya dogaro ya zo taron. Ya bari kowa ya gama huci, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, in an harbe su, tafkin zai cika?"

Dagaci ya ce, "Ba zai cika ba, Malam, amma rumbunan da suka rage za su tsira."

"Gaskiya ne. To ni abin da ya tsaya mini shi ne, tun da suka shanye tafkin nan ba su bar dajin ba, masu kiwo na ganin sabon kashinsu kullum. Dabba mai wannan girma ba ta zama inda babu ruwa. Ina suke sha? A ba ni zuwa Juma'a kafin manzo ya tashi."

Dagaci ya yarda, ba don ya gamsu ba, sai don girman mahaifina. Ni ina gefe ina gyaɗa kai, ina alfahari da hikimar tsoho, ban san ni za a aika ba. Muna isa gida ya dube ni ya ce, "Ka ga ƙafata. Gobe kai za ka bi su." Na ce, "To, Baba."

Na nemi abokina, wani Bafulatani da muka tashi tare, wanda ya san dajin kamar tsakar gidansu. Muka fita bayan sallar asuba da gora ɗaya da ɗan ƙuli-ƙuli. Bin giwa ba wuya, don ba ta ɓoye hanyarta: rassa a karye, ɓawon itace a saɓule, ga kashi tuli-tuli. Abokina yakan tsaya ya tura yatsa cikin kashin ya ce, "Wannan na jiya ne." Can gaba ya sake turawa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wannan da ɗumi." Daga nan na daina surutu.

Wajen la'asar muka iso wata busasshiyar ƙorama, yashi fari fat, ko ciyawa babu. Abokina ya ɗebi ƙasa ya sheƙa don ya ga inda iska ke kaɗawa, ya ja ni muka zagaya ta inda ba za su ji warinmu ba. Ya ce mu hau itace. Shi ya zaɓi marke ya haye a natse. Ni da na ji ƙarar karyewar reshe a kusa, itacen da ke gabana kawai na rungume, ashe aduwa ce. Sai da na kai sama na san tana da ƙaya.

Giwayen suka fito daga cikin duhuwa a jere, wata tsohuwar giwa a gaba. Ban taɓa zaton abu mai wannan nauyi zai yi tafiya shiru haka ba. Ta sauka cikin yashin tana shinshinawa da hancinta, ta yi nan, ta yi can, sai ta tsaya a wata kwana inda ƙoramar ta karya. Ta fara ture yashi da ƙafar gaba, sannan ta sa hanci tana kwasowa tana zubarwa gefe, kamar mace na kwashe tuwo. Da ramin ya yi zurfi ta ja da baya ta tsaya kawai. Sauran ma suka tsaya. Ba wadda ta yi gaggawa.

Can sai ruwa ya fara tsattsafowa a ramin, wani matashin toron giwa ya matso zai zura hanci. Tsohuwar ta sa haure ta mangare shi gefe, ta jawo wani ɗan ƙarami da ke maƙale da ƙafar uwarsa ta tura shi bakin ramin. Sai da ya ƙoshi, masu shayarwa suka sha, ita ce ta ƙarshe. Ina kan aduwa, ƙaya na sukata ta ko'ina, na ji hawaye na zubo mini, don matata na tuna da tulunta.

Da suka wuce, tun ba mu sauko ba kurciyoyi suka sauka, birai suka biyo, har wata gada ta leƙo. Muka jira su ma suka sha. Ruwan da muka tarar a ramin garau yake, da sanyi kamar na randa. Abokina ya cika gora ya ce, "Wannan ita ce shaidarmu, kada ka shanye a hanya."

Washegari na ajiye gorar a gaban dagaci. Ya kurɓa, ya miƙa wa liman. Sannan dagacin ya ce, "Manzo ya kwance sirdinsa." Mahaifina ya roƙi abu ɗaya: kada a taɓa ramin giwayen, mu gangara ƙasa da su mu haƙa namu, kuma mutane su ɗebi ruwa da safe su bar wurin kafin la'asar. Haka aka yi. Tafiyar da nisa, jakuna suka sha wuya, amma waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Wanda aka ture wa rumbu kuwa, gari ya haɗa masa hatsi dami-dami. Matata ta sauka lafiya kafin ruwan farko, kuma da ruwan ƙoramar nan aka yi wa ɗiyata wankan farko.

Yau babu giwa ko ɗaya a Rugu. Manyan itatuwan sun tafi gawayi da katako, dajin da ya ciyar da mu ya zama wurin da mutane ke tsoron ambata. Abin da na koya shi ne, ba mu kaɗai Allah ya ba garin nan ba, kuma maƙwabcin da ya ɓata maka rai yau, wataƙila shi ya san inda ruwa yake.

Har yanzu nakan tuna tsohuwar giwar nan in na idar da salla. Na taɓa tambayar limamin unguwarmu ko laifi ne mutum ya riƙa sa dabba a addu'a. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Baba, wanda ya shayar da kai ranar ƙishirwa, ai ba ka tsaya ƙirga ƙafafunsa."