Faifai a Bakin Bokiti

Daga Gangara na tafi ci-rani, na samu aikin lodin buhu a wani kamfanin siminti, na daɗe har na ɗauko matata. Mu mutanen Isa da Sabon Birni muka yi unguwarmu a bayan katangar kamfanin. Ni suka ba girma, don na taɓa firamare.

Ƙurar wurin fara ce, ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. In matata ta shanya gari sai ta sake tankaɗe shi. Zogalen gidanmu kullum kamar an watsa masa toka.

Wata rana wata malama daga jami'a ta zo da abokan aikinta. Suka kafa sanduna a unguwanni, kowanne da bokiti a kansa, ɗaya a ƙofar gidana. Ta ce, "Baba, a bar shi a buɗe wata guda. Za mu auna abin da ya faɗa ciki, mu haɗa da yadda iska ke kaɗawa, kwamfuta ta zana mana inda ƙurar ke sauka." Na ce to.

Bayan kwana uku na hau turmi na leƙa. Gindin bokitin ya yi fari fat. A garinmu in baƙo zai zo ana share ƙofa a yayyafa ruwa, kuma ba a barin ƙwarya a buɗe. Da wannan na lallashi kaina. Gaskiyar ita ce na ji ana cewa unguwar da ta fi ƙura za a tashe ta. In aka raba mu, wa zai ƙara zuwa gaishe ni da safe?

Na shiga gida na ɗauko faifai.

Matata ta ce, "Malam, ina za ka da faifaina?"

Na ce, "Za ni rufe kayan baƙi."

"Su sunka ce ka rufe? To in ka ƙare, ka samo wani ka rufe min hanci." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Haka faifan ya zauna. Ranar da za su dawo na cire shi, na sa aka yayyafa ruwa a ƙofa.

Da suka kawo taswirar, unguwar da ke kusa da mu ta fito ja, alamar yawan ƙura, tamu koriya. Malamar ta daɗe tana kallon zogalen, sannan ta dube ni. "Baba, ba wanda ya taɓa bokitin nan?" Na ce babu. Matata tana bayan zana, tana ji.

An mayar da waɗancan wani fili inda iska ba ta kai ƙurar. Mu aka bar mu. Na ci gaba da karɓar gaisuwata.

Tarin bai bar ta ba. Da ta kai ba ta iya daka, na mayar da ita Gangara, can muka binne ta. Har ta rasu ba ta tona ni ga kowa ba, ni ma ban nemi gafararta ba.

Faifan yana nan rataye a ɗakina. Ƙurar kusan wata guda ta cika saƙarsa, ruwa ya taɓa ta, ta daskare. In na ɗaga shi ya fi akushi nauyi. Wannan nauyin malamar ta zo aunawa.