Baffa Audu da Dogayen Igiyoyinsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Audu, ƙanen mahaifina, amma har yau idan ruwan Kainji ya ja baya ya bar ɗanyen yashi, sai in ga kamar zan hango shi can nesa yana tafe a bayan doki.

A bayan doki nake nufi, da ƙafa. Duk garinmu Shanga an san shi da wannan. Yakan ɗaura wa ragama dogayen igiyoyi biyu, ya zura su ta zobban majayin da ke ɗaure a cikin dokin, ya ja da baya inda shuri ba zai kai ba. Doki na gaba, shi yana biye, yana juya shi da ɗan motsin yatsu. Masunta na tsokanarsa, wai ga mai doki yana kashe takalmi. Shi kuwa sai ya ce, "Bari gadon bayanai ya nuna tukuna. Dabbar da ba ta iya ɗaukar kanta ba, ƙaƙa za ta ɗauki mutum?"

Watanni yake yi a haka kafin sirdi ya hau. A yashi doki ke yin ƙwanji, a ruwa iya gwiwa yake buɗe ƙirji, a hannun Baffa kuma yake koyon tsayawa da juyawa ba tare da linzami ya yaga masa baki ba. Da sanyin safiya, tururi na tashi daga ruwa, ba ka ganin igiyoyin ma. Sai ka rantse da zuciya kawai suke magana. Wani lokaci yakan tsaya ya nuna tsakiyar tafki, ya ce gonakinsu na da suna can ƙarƙashin ruwa tun da aka yi madatsa, nan dokin babansu ya yi sukuwa.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da samarin yau, masu haye ɗan doki tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, suna tsere da babur. Haka aka yi wa Akawal, jikan goɗiyar Baffa, har ya fara ɗingishi bara. Sale, babban ɗan Baffa, ya ce dawa ta yi tsada, zai ba mahauta shi bayan girbi. Ban yi masa gardama ba, gaskiya ya faɗa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don wannan dokin kaɗai ya rage a turken gidan.

Na roƙi aron dokin zuwa girbi. Ni malamin makaranta ne, hannuna alli ya sani. Igiyoyi suka yi ta harɗe mini, masunta suka sami sabon abin dariya. A hankali dai Akawal ya soma sauke kai, takunsa ya daidaita, bayansa ya cika. Ban san ko ni na koya masa ba, ko shi ne ya yi haƙuri da ni.

Baffa bai bar gona mai yawa ba, bai bar suna a wajen garinmu ba. Abin da ya bari shi ne jira, kuma ban tabbata mun gaje shi ba sai ranar da mahaucin ya zo. Na dawo daga tafki da Akawal, na tarar da shi da Sale a ƙofar gida. Sale ya daɗe yana kallon ƙafafun dokin. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Yaya, ba ni igiyar ga," in ji shi. "Kai ma riƙonka bai yi daidai ba."

Allah Ya jiƙan Baffa Audu.