Safar Hannun Nazeefa

Shekara goma sha ɗaya ke nan rumfata na manne da ta Mama Serah a kasuwar Kubwa. Ni Lantana, zare da maɓallai nake sayarwa, ita kuwa saƙar kayan jarirai take yi: hula, safa, ɗan bargo, da safar hannun nan mara yatsu da ake sa wa jariri don kada ya yakushe fuskarsa. Bagwariya ce daga wani ƙauye a bayan Kwali. Uwarta maginiyar tukwane ce, ita ma da yumɓu ta tashi, sai aure ya kawo ta gari. Mijinta Solomon gadi yake yi a wani gida a Maitama har ya rasu, ya bar ta da yara uku da kibiyoyin saƙa guda biyu da ta samo a zumuntar mata ta coci. Da su ta ciyar da yaran har suka kama gabansu.

Ba ta da fara'a, gaskiya. Idan ka taya kayanta da wulaƙanci, ko ɗago kai ba za ta yi ba. Tana da wata tsohuwar takarda a cikin leda, wadda aka rubuta yadda ake saƙa safar hannun jariri: ido nawa za a ɗora a kibiya, layi nawa za a hau, ina za a fara ragewa. Ido shi ne kowane ɗan madauki na zare, haka take kiransa. Ta haddace takardar tun tuni, amma ba ta yarda ta rabu da ita.

Wata Talata da damina wata mata ta zo, Mufida, daga can layin bayan dogo. Ta tsaya tana waige-waige kamar mai sayen kayan sata, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da tsinken tsintsiya da aka karya.

"Mama, irin safar hannun nan nake so, amma ta 'yar shekara shida. Ga awon hannunta."

Kowa ya san wannan awon. Haka iyayenmu ke karya tsinke daidai tafin ƙafarmu su tafi kasuwa sayen takalmin Sallah, ba sai an ja yaro cikin turmutsitsi ba. Mama Serah ta juya tsinken ta ce, "Madam, wannan na takalmi ne. Ina yarinyan?"

"Ba ta jin daɗi."

Da ƙyar ta faɗi sauran. 'Yarta Nazeefa na fama da ciwon ƙaiƙayin fata tun tana goye. Likita ya ce ba ya yaɗuwa, ya ba da man shafawa, ya ce muddin tana sosawa cikin barci gyambon ba zai rufe ba. Makaranta kuma ta ce kada a sake kawo ta sai ya rufe, iyayen yara sun yi ƙorafi. Wata biyar ke nan yarinya na zaune a ɗaki.

Mama Serah ta karɓi aikin. Ta ɗora tsinken a kan takardarta, ta ga ya kusa ninka hannun jariri, sai ta ninka komai. Abin da ya fito, wallahi, jakar zuba goro ce. Bayan kwana biyu Mufida ta dawo da ita, ta ce tun kafin barci ya yi nisa take zamewa. Aka warware, aka rage ido. Ta biyu kuwa da ƙyar ta shiga, ta dawo da ɗigon jini da wani abu rawaya da ya bushe a bakinta. Ina cikin cin ɗanwake na gani, na ture kwanon, abincin ya fita raina har yamma.

Mama Serah ta shinshina safar, sannan ta ajiye kibiyoyinta.

"Ba zan sake yi ba sai na ga hannu. Tsinke tsawo kawai ya sani. Kauri fa? Babban yatsa fa, ina yake zaune? Ka kawo yarinyan."

"Mama, mutane za su yi ta kallo."

"Su kalla. Ni da hannu nake aiki."

Ranar Alhamis Mufida ta kawo ta, an lulluɓe ta da hijabi har ƙasa ga zafi ga cunkoso. Da aka ɗage hijabin na ga hannuwan. Sun kumbura, fatar ta tsattsage tana ɓarewa, tsakanin yatsu na tsattsafo da ruwa, ƙudaje kuwa kamar an aika musu. Kure mai nama da ke gabanmu ya ja teburinsa gefe yana toshe hanci. Wata mai cinikin maɓallai a wurina ta ce, "Ƙazuwa ce wannan," ta ja ɗanta ta tafi ba ta sayi komai ba. Na ji haushinsu ƙwarai. Amma kada in yi wa kaina ƙarya: da yarinyar ta dafa bakin teburina don ta hau benci, sai da na janye ƙullin zaren da ke kusa da hannunta, na kuma goge wurin da tsumma. Na ɗauka ba ta gani ba.

Mama Serah ta kama hannun da nata biyu, babu leda babu tsumma, ta shiga lailaya shi a hankali yadda uwarta maginiya ke jin kaurin bakin tukunya. Tana juya shi sai ta tsaya cak. A wuyan hannun akwai wani zobe na ɗanyen rauni, ya zagaye tsaf, kuma wannan ba aikin ƙaiƙayi ba ne.

"Wannan fa?"

Mufida ta sunkuyar da kai. Ta ce da tsumman atamfa take ɗaure hannuwan a ƙarfen gado, tun watanni, don kada ta sosa. Yarinyar ta yi ta fizga cikin barci har ya ci nama. Shi ya sa safa ta biyu ta yi jini, bakinta a kan raunin ya matse.

Na so in zage ta, na rantse. 'Yar cikinki ki ɗaure kamar akuya, sannan ki karyo tsinke ki kawo kasuwa don kada a gani! Sai dai na dubi matar, idanunta sun faɗa, ita ma ba ta san rabonta da barci ba, kuma ni da na goge tebur ban ga bakin da zan yi magana da shi ba. Mama Serah dai cewa ta yi, "Daga yau ka daina," ta juyo wurina. "Lantana, ba ni zaren auduga. Ulu zai ƙara mata ƙaiƙayi."

A gabanmu ta yi aikin. Ta fara saƙa ɗan ƙyalle kamar faɗin akwatin ashana, ta ɗora yatsunta biyu a kai ta ƙirga ido nawa suka rufe. Ta zagaya tafin hannun Nazeefa da zare ta ƙulla, ta auna daga wuyan hannu zuwa gindin babban yatsa ta ƙulla, daga nan zuwa kan dogon yatsa ta sake ƙullawa. Ashe hannun bai kai ninkin na jariri a tsawo ba, a faɗi ne ya wuce saboda kumburi. Takardar ba ta san da babban yatsa ba, jarirai ba a yi musu, don haka ta ware ido takwas a gefe ta rataye su a fil ta ce na yatsa ne, yarinya ta iya riƙe kofi. Bakin safar kuma ta ja shi ya haura raunin da kusan yatsa uku, ya zauna a kan lafiyayyar fata, ta yi masa 'yar igiya mai laushi. Ɗinkin ma a waje ta bar shi. Safar ba ta yi kyau ba ko kaɗan, kamar an sa riga a bai-bai.

Sau huɗu tana zura hannun a cikin saƙar tun tana kan kibiya, tana warware layi tana ƙarawa. Yarinyar kuwa kallon yatsun Mama Serah kawai take yi. Kure ya leƙo ya ce, "Mama, ki wanke hannu da omo fa." Ta ce masa ya fara wanke teburinsa, ƙudan da ke kan yarinyar daga wurinsa suka taso.

Kafin la'asar ɗaya ta kammalu. Washegari aka zo aka karɓi ɗayar.

Sai bayan sati uku na sake ganinsu. Nazeefa na sanye da kayan makaranta, an tsaya nuna wa Mama Serah a hanyar komawa gida. Raunin wuyan hannun ya rufe, fatar ta bushe, saura tabo da ɗan ɓawo. Safar tana cikin jakarta, ta ƙi yarda a bar ta a gida. Mama Serah ta duba hannun ciki da bai, ta ce kumburi ya sauka, a kawo safar ranar Asabar ta rage ido huɗu.

Ni kuwa na washe baki na ce, "Nazeefa 'yan makaranta! Ba za a gaisa da Anti ba?" Na miƙa mata hannu.

Ta dubi hannuna, ta dubi bakin teburina. Sai ta sauke jakarta ta zuge, ta fito da safar ta zura a hannun dama, ta ja igiyar da haƙori, sannan ta miƙo min.

"Yanzu za ki iya taɓawa, Anti," ta ce. "Na rufe."