Ƙofar da Baba Ya Yi wa Walda

Ranar wata Laraba da azahar, ina 'yar shekara goma, ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu na Sabon Gari, wani ɗan acaɓa ya shigo ba sallama. Ya ce wuta ta tashi a ɗakin kimiyya na makarantar su Yaya Talatu da ke Samaru, an kwashi ɗalibai zuwa asibiti. Mama ta fita ko takalmi babu. Baba, wanda shagon waldarsa ke jikin gidan, bai tambaya ko Yaya ta ƙone ba. Cewa ya yi, "Ta wace ƙofa suka fita?"

Na san dalilin tambayar. A hutun da ya wuce ɓarayi sun shiga ɗakin ta ƙofar baya, suka ɗauke tukunyar gas da ma'auni. Makaranta ta kira Baba, ya sa wa tagogi rodi, ya liƙe ƙofar bayan da walda. Ni da Yaya Talatu muka kai masa abinci ranar. Na tuna warin ɗakin mai hawa kai, da kwalabe jere a kan kanta, wasu takardar jikinsu ta goge, da bokitin yashi da aka mayar na zuba shara. Yaya ta jijjiga rodin tana dariya, ta ce, "Baba, ka mai da mu kaji a akurki." Shi ma ya yi dariya, ya bugi ƙofar da guduma, ya ce, "Ko giwa ba ta ɓalle wannan."

Da yake babu gas, sai su Yaya suka koma amfani da ƙananan fitilu na sifirit, wani ruwa mai saurin kama wuta. Kullum rigar Yaya da warinsa take dawowa, ni ke wanke ta ranar Asabar. Wata ƙawarta ta gaya mana daga baya cewa wani ɗalibi ne ya ƙara sifirit daga jarka alhali fitilar na ci. A teburin bakin ƙofar gaba abin ya faru. 'Yan layin baya suka ruga ƙofar Baba suna dukanta. Yaya tana cikinsu. Ta yi kwana tara a asibiti kafin ta cika.

Bayan makoki Baba ya ɗauki injin yanka ya tafi makarantar. Aka ce ya dakata sai kwamiti ya gama bincike. Ya koma sau uku. Daga nan bai sake karɓar aikin taga ko ƙofa ba, sai gyaran kura da baro, har ya rasu.

Yanzu 'yata tana aji huɗu, tana son kimiyya kamar yayata. Bara na bi ta bayan makarantar su Yaya Talatu. An yi sabon fenti, an rataya jar tukunyar kashe gobara a baranda, yara suna ta dariya a ciki. Na tsaya na duba. Na gane aikin hannun Baba a ƙarƙashin fentin. Har yau ba a yanke ƙofar ba.