Ranar da Baba ya taya tikitin jirgin ƙasa

"Taya masa rabi," in ji Baba, yana nuna kwamfutata da baki.

Hutu za mu je Landan wajen yayata, daga can mu hau jirgin ƙasa zuwa Faris. Na samo mana tikitin iyali mai rangwame, amma Baba, da ya tsufa yana ciniki a kasuwar Singa, ya ce farashin farko ba farashi ba ne.

Na ce, "Baba, intanet ce fa, ba a tayawa."

"To ku tashi mu tafi. Zai kira mu."

Wallahi haka muka fita. Ni da shi da mahaifiyata Hajiya da mayafinta, muka yi cirko-cirko a ƙofar gidanmu a Fagge. Maƙwabta har suna tambayar ko lafiya.

Da muka koma, rangwamen ya ƙare.

Baba ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya harari Hajiya. "Ke ce kika waiwaya. Ya gane muna so."

Har yanzu Hajiya ba ta kula shi, tikiti kuma babu. Jama'a, akwai wanda intanet ta taɓa ce wa "dawo ka kawo kuɗin"?