Da Sunan Rafa Ya Cinye Mini Ƙafa

Masu ta tambaya ina Kwanye mai ɗinki ta shiga tun bara, ga ni. Ina da rai. Amma ƙafata ta dama babu ita daga gwiwa zuwa ƙasa, kuma yau zan faɗi wanda ya ci ta.

Abin ya fara da ƙishirwa da yawan fitsari. Na rame har zanina ya daina zama a ƙugu. A asibiti a nan Mubi aka gwada jinina, likita ya ce ciwon suga ne. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in kiyaye ƙafafuna. Na yi ta sha, na samu sauƙi.

Sai ƙusa ta soke ni a ƙafa a shago. Ɗan ciwo ne, amma ya ƙi warkewa.

Wata maƙwabciya ta kai ni wurin wani mutum mai gidan addu'a a hanyar Gella, wanda ke kiran kansa annabi. Ba zan rubuta sunansa ba, mutanen Mubi sun san shi. Ya dafa kaina yana ihu da kalmomin da ban sani ba. Ya ce, "Jehoba Rafa sunan sirri ne, ni kaɗai aka ba mabuɗinsa. Wanda ya haɗa shi da maganin asibiti ya raina Allah." A gabana ya zuba ƙwayoyina a kwata, ya sayar mini da man zaitun in riƙa shafawa.

Da ƙafar ta kumbura, ya ce aljanin ne ke fita. Da ta yi baƙi ta fara wari, ya ce bangaskiyata ce ta kasa, ya sa yaransa suka mayar da ni bayan gida don kada masu zuwa su gani.

A can mijina Zira ya same ni, zazzaɓi ya sa ban gane shi ba. Ya saɓa ni a kafaɗa ya sa a keke.

Daga Mubi aka tura mu Yola. Likitan tiyata ya buɗe ƙyallen da aka naɗe ƙafar da shi, ya dubi Zira ya ce, "Ko ƙafar ko matar. Ku zaɓa yau."

Zira ya sayar da gonarsa ta Betso. Tiyata, ƙarin jini, allurar insulin safe da yamma, wankin ciwo da ke sa in ciji zani. Abin da ya fi ci mini rai, da na farka sai in ji ƙafar da babu tana neman taka keken ɗinki.

Na daina addu'a. Ko sunan Allah aka ambata kusa da gadona, sai in juya fuskata ga bango.

Baba Vandi, yayan mahaifina, tsohon fasto ne da ya yi ritaya. Ya zo dubiya da kunun gyaɗa marar suga. Na ce masa, "Baba, kada ka kira mini Rafa ɗin nan."

Ya ce, "'Yata, kin san inda sunan ya fito?"

Ya ce Ibrananci ne, ma'anarsa Ubangiji mai warkarwa, babu wani sirri a ciki. Mutanen Musa ne suka isa wani ruwa mai ɗaci a jeji, Allah ya nuna wa Musa itace, ya jefa a ruwan ya gyaru. A nan sunan ya fito. "Kin ji? Itace ya nuna masa. Allah da kansa ya nuna magani. Wannan ɓarawon da sunan mai ba da magani ya raba ki da magani."

Na ce, "Da aka jefar da ni bayan gida fa, ina Allah yake?"

Ya ba ni labarin Hajaratu, baiwar da ta gudu jeji da ciki saboda wulaƙanci. Ita ce ta raɗa wa Allah suna El Royi, wato Allah mai ganina. Ya ce sunayen nan yawanci mutane ne masu wahala suka kira shi da su a ranar wahalarsu.

Na ce, "To akwai sunansa na ramuwa?"

Baba ya daɗe yana juya hularsa. Sannan ya ce, "Akwai. El Nekamot. Allah mai ramuwa. Amma ramuwar tasa ce, ba taki ba."

Na ce, "Na ji. Shi ne alƙali. Ni kuma shaida ce, kuma shaida ba ta yin shiru."

Ranar na yi addu'a, ba kuwa ta gafara ba ce.

Da ciwon ya warke na koyi tafiya da sanduna, na kai ƙarar mai gidan addu'ar nan wurin 'yan sanda. Maganar tana tafiyar hawainiya, don haka ban zauna jira ba. Duk ranar taronsa Zira yana ajiye ni a kan benci a bakin hanyar gidan. Ba na zagi. Ina ɗaga zanina kawai. Wata mata da ta kawo mahaifiyarta mai hawan jini ta tsaya ta kalli dungun, ta tambaye ni, ta juya da tsohuwar zuwa asibiti. Haka suka riƙa juyawa. Mutumin ya aiko a ba ni haƙuri, na ce ya aiko da ƙafata.

Yanzu gidan a kulle yake. An ce ya koma wajen Mayo Bani da sabon suna.

Na gode wa likitoci da nas-nas, da zumuntar mata ta coci da suka haɗa mini keken ɗinki na hannu, da Alhaji mai shagon kusa da nawa da ya ba da jininsa. Zira, ba ni da bakin gode maka.

Masu suga, ku duba ƙafarku kullum, kada ku yi tafiya babu takalmi, ƙaramin ciwo ku kai asibiti. Ku yi addu'a, ku sha maganinku. Duk wanda ya kira muku sunan Allah da baƙon harshe, ku tambaye shi ma'anarsa da inda ya fito.

Mutanen Mayo Bani kuma, ku tanadar mini benci. Ina nan zuwa.