Safiyar da Na Shafa Toka

In rana ta bugi man kaɗe ya fara narkewa cikin kasko, ƙamshin nan har yau tsoro yake ba ni. Ni kuwa ba matsoraciya ba ce, ku tambayi duk wanda ya san ni. Amma na taɓa jin tsoro irin wanda ba a mantawa.

Shekarar da fara ta cinye mana gero ce, tun Nasara bai zo ba, ina famfarar haƙora. Baba ya ɗora tabarmi bisa jaki, ya ce zai sayar a Tasawa, daga nan ya wuce da ni wurin gwaggona, a rage baki ɗaya a gida. Haka dai ya ce. Amma mu yara muna jin abin da mata ke raɗawa bakin rijiya a garinmu Korgom: wane ya tafi birni da ɗiyarshi, ya komo da hatsi, ba ɗiya. Sunka ce wadda za a sayar sai an ƙosar da ita, a yi mata wanka, a shafe ta da mai har ta yi sheƙi.

La'asar sakaliya munka shiga gidan fatoma, mai saukar da baƙi, ya ba su ɗaki da abinci, da safe ya raka su kasuwa. Ni ban taɓa kwana gidan da ba jinina a ciki ba. Baba ya tsaya zaure wurin maza, ni anka miƙa ni ga uwargidan fatoma, wata ƙatuwar mace mai jan haƙora. Ta kama haɓata, ta juya fuskata wajen haske.

"Ɗiyar nan ƙashi ce zalla," in ji ta. "A bar mani ita kwana biyu, ku gani."

Gari ya waye, na leƙa zaure. Ba baba, ba jaki. Ina juyowa sai ga uwargida da ƙwaryar kunun tsamiya har da zuma, ga ruwan ɗumi, ga kaskon mai. Mu da ganye muke dafawa a gida. Sai na tuna raɗar bakin rijiya.

Tana ba da baya na faɗa bakin murhu, na kwashi toka na baɗe kaina da fuska da hannuwa. Na karkace ƙafa ɗaya, na shiga tari kamar tsohuwar akuya. A raina na ce, ba mai sayen gurguwa mai tari.

"Ke ɗiyar nan, iskoki gare ki?" in ji uwargida da ta juyo.

"Ba ni da lafiya, inna. Ba ni iya daka. Ko tulu ba ni iya ɗauka."

Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Sai ta waiwaya bayan rumbu, ni ma na bi idonta. Wata budurwa ce zaune bisa turmi, da igiya a ƙafarta, wata tsohuwa tana murza mata mai a kafaɗu.

"Ke baƙuwa ce," uwargida ta ce a hankali. "Sha kununki."

Ban sha ba. Ina nan tsugune cikin toka har hantsi ya dubi ludayi, sannan na ji kofaton jakinmu. Baba ya shigo, ya gan ni fari fat.

"Wa ya yi mata haka?"

"Ita ta yi ma kanta, malam. Wai don kada ta yi kasuwa."

Baba dogo ne, ban taɓa ganin ya zauna ƙasa gaban mata ba. Ranar nan ya zauna. Can ya jawo bakin rigarshi yana share mani fuska.

"Sha kunun, uwata," ya ce. "Hanya da nisa."

Bai kai ni wurin gwaggo ba. Gida ya juya da jakin, munka ci yunwarmu tare har kaka ta yi.

Yanzu jikokina su hau mota, su kwana gidan wanda ba su sani ba, su ci su sha, su komo suna kushe miyar mutane. Ina ƙyale su, haka nike so su zauna. Ni ubana ya komo. Waccan ta bayan rumbu kuwa, har munka fita, ƙofa take kallo, ko nata zai komo.